Alkawarin da Na Ɗauka a Najma

Sunana Hannatu, ma'aikaciyar jinya ce ni daga wani ƙauye a ƙasar Malumfashi. Wanda ya yi mini hanyar Doha ya rantse cewa babban asibiti zan yi aiki, har hoton ginin ya nuna mini a waya. Da na sauka sai na tarar wani kamfani ne da ke tura mu gidajen mutane jinyar tsofaffi. Masaukinmu ɗaki ɗaya ne a saman wani gidan abinci a unguwar Najma, mu shida, gadaje hawa biyu, kowa da ɗan labulen da ta rataya. Ƙaurin soyayyar albasa daga ƙasa ya kama kayanmu har wanki ya kasa fitar da shi. Na yi sati biyu ina cika ina batsewa, na yi ta kiran mutumin har ya daina ɗagawa, daga baya na haƙura na kama aiki.

Ban fi wata huɗu da zuwa ba korona ta shigo. Ni da nake auna numfashin mutane, sai ga ni kwance ina neman nawa. Aka kwashe abokan zamana, aka bar ni ni kaɗai ina jiran motar da za ta kai ni wurin killacewa. A wannan jiran ne, da rana tsaka, ƙirjina ya riƙe har na ga kamar ba zan kai la'asar ba. Tsoro ya kama ni ƙwarai. Na ce, Ubangiji, in ka tashe ni daga wannan kwanciya, zan kai godiyata gaban bagade da ƙafata.

A cocinmu na gida, wanda Allah ya fitar daga wani hali ba ya cewa na gode daga kan benci. Ranar Lahadi ake kiran sunansa, ya taso tun daga bakin ƙofa da abu a hannu, damin dawa ko kaza ko ƙwaryar ƙwai, yana waƙa yana takawa, dangi da abokan arziki suna biye da shi, har gaban bagade, wato teburin sujada da ke can gaban coci. Nan zai durƙusa ya ajiye. Wannan ce godiyar da na yi alkawari.

Na tashi kuwa. Kuskuren da na yi shi ne na faɗa wa mahaifiyata. Inna ta haura saba'in, tana da gyambon ciki, kuma tun da nake ban taɓa ganin wanda ya juya ta daga magana ba. Tana gama saurarena ta ce, "To, ni ma na ɗauki nawa. Kowace Laraba zan yi azumi, ba ci ba sha daga asuba har faɗuwar rana, sai ranar da kika cika."

Na ce, "Inna, da cikin nan naki? An rufe coci-coci a nan, ba a san ranar buɗewa ba."

Ta ce, "Ai ba ni na rufe ba."

Daga ranar, kowace Laraba ta zama mini nauyi. Na san abin da yunwa ke yi wa mai gyambon ciki, aikina ne. Ƙanwata Ladi, wadda ke zaune da ita, takan kira ta ce Inna ta wuni dafe da ciki, ko ta yi amai da ɗan jini. Na roƙe ta, na yi mata faɗa, na sa fasto ya je har gida ya yi mata bayani. Ta ba shi ruwa ya sha, ta raka shi bakin zaure, ta ci gaba da azuminta. Na ce mata ana sujada ta waya yanzu, zan yi godiyar ta nan. Ta ce da ƙafa na ce, ko waya tana da ƙafa? Ladi ta ba ni shawarar in ce mata na yi kawai. Na ɗauki waya sau biyu da niyyar haka, bakina ya ƙi.

Kafin a buɗe coci-coci aka canza mini wurin aiki. Aka kai ni wani gida a unguwar Al Gharrafa, in zauna dindindin da wata tsohuwa mai ciwon suga da ciwon gwiwa, wadda kowa a gidan ke kira Yumma, wato uwa. Ƙaramar mace ce, da baƙin ƙyallen da tsofaffinsu ke rufe fuska da shi, da carbi, da baki. Ranar farko ta ƙi in taɓa ta. Ta ce hannuna da sanyi, shayina ba daɗi, kuma tafiyata da ƙara. Na ce a raina, ashe Inna tana da 'yar uwa a ƙasar Larabawa. Babban ɗanta, Jasim, shi ne kafil ɗina, wato wanda takarduna ke hannunsa. Dokarsa ɗaya ce: kada a bar Yumma ita kaɗai ko na minti ɗaya.

A Doha ranar Juma'a ake zuwa coci, a wani babban fili da aka zagaye a bayan gari, gine-gine ba gicciye a kai, ba ƙararrawa. Juma'a kuwa ita ce ranar da 'ya'ya da jikoki ke cika gidan Yumma, a yi ta tura mata kayan zaƙi a ɓoye, ni kuma in tsaya a kanta da allurar suga. Hutuna ranar Litinin ne, rabin wuni, ranar da babu kowa a coci sai masu shara.

Direban gidan wani Bahaɗeje ne, Malam Sabi'u. Tun da ya ji ni Bakatsiniya ce ya ce ya samu baiwa, na ce ubangidansa dai ya samu. Shi kaɗai nake Hausa da shi a gidan, kuma shi ya fara lura ba na cin abincin kirki ranar Laraba. Da na ba shi labari ya jinjina kai ya ce, "Bakance ba abin wasa ba ne, Malama Hannatu. Bari mu gani."

Sau biyu ya gwada taimaka mini. Na farko, wata Juma'a da iyalin suka tafi sahara da Yumma da wata ma'aikaciyar, ya ɗauke ni ya kai ni har ƙofar filin cocin kafin ya wuce masallaci. Aka duba wayata, alamar gwajin korona koriya ce, amma sunana ba ya cikin waɗanda suka yi rajista, don a lokacin ƙirga mutane ake yi. Mai gadin ya ce, "Khalas, shi ke nan, an cika." Na tsaya cikin rana da zanen zumuntar mata a jikina ina jin waƙa daga nesa. Na biyu, bayan wata da yawa, na yi rajista, fasto ya sa sunana, na shirya tsaf. Muna fita daga unguwa aka kira, sugan Yumma ya faɗi. Malam Sabi'u ya juya kan motar muka koma gida.

Gaskiya akwai laifina a ciki. Ban taɓa faɗa wa Yumma ba. Ina da girman kai wajen roƙo, kuma na ƙudurta a raina cewa tsohuwa mai carbi ba za ta so jin maganar coci a gidanta ba. Sannu a hankali mun saba, ta koya mini Larabcin kicin, na koya mata sannu da aiki, har ta daina barci sai na matsa mata ƙafa. Amma wannan maganar na riƙe ta.

Haka muka kai shekarar gasar ƙwallon duniya. Gari ya cika da tutoci da fenti, aka rufe tituna, 'yan uwa daga gida suna ta kirana wai in aiko hoton filin wasa, kamar ni ce mai tsaron gida. Yumma ta ce hayaniyar za ta kashe ta. Jasim ya yanke shawarar a kai ta Jamus a duba gwiwar har a gama wasan. Duniya na tururuwa zuwa Doha, mu muna fita. Da Malam Sabi'u ya sauke mu a filin jirgi, ya miƙo mini wata leda ta dabinon gidan ya ce, "Ungo. An ce ƙasar coci ce. Kada ki je hannu rabbana, ki ja wa Katsinawa abin kunya."

Garin da muka sauka, har yau harshena bai iya sunansa ba. Sanyi ne da ban taɓa sanin akwai irinsa ba, rana ta leƙo ta koma. Safiyar farko ina shirya wa Yumma magani sai na ji ƙararrawa. Na tsaya da cokali a hannu. Shekara uku rabona da jin ƙararrawar coci, kuma tamu ta gida tsohon ƙarfen tayar mota ne da aka rataya a jikin darbejiya. Na ɗaga labule, sai ga hasumiyoyi biyu masu tsini, baƙi ƙirin, sun fi komai tsawo a garin. Kullum ina ganinsu ta taga, tafiyar da ba ta fi minti goma ba, amma dokar Jasim tana nan, fasfona kuma yana jakarsa.

Ranar Laraba ta biyu, bayan mun fito daga ganin likita, Jasim ya ce a zaga da Yumma ta ga gari. Tun da safe Ladi ta turo saƙo cewa Inna ta kasa tashi daga tabarma amma ta ƙi karyawa. Ban san me ya sa ba, na ɗaura zanen zumunta a ƙarƙashin babbar rigar sanyi, na jefa ledar dabinon a jakar magani. Muka yi ta yawo, ina tura Yumma a keken marasa lafiya a kan duwatsun da suka shimfiɗa a titi, tana tsine wa wanda ya shimfiɗa su. Muka ɓullo wani dandali, sai ga cocin a gabanmu.

Daga kusa ya fi ban tsoro. Dutse ne zalla, an sassaƙe shi tun daga ƙasa har sama, mutane jere-jere a jikin ƙofa, waɗansu kai ya gutsire, can sama kuma waɗansu munanan dabbobi sun buɗe baki ruwan sama na zuba ta ciki. Jasim ya karanta allon da ke wurin ya ce an yi ɗaruruwan shekaru ana gina shi. Ya ɗauki hoto, ya zaunar da mu a wani shagon shayi mai kallon ƙofar, ya ce shi da matarsa za su shiga kantuna, awa ɗaya. Ya nuna ni da yatsa ya ce, "Minti ɗaya, Hanna." Na ce na sani.

Na zuba wa Yumma shayi, na zauna ina kallon mutane suna shiga suna fita. Ban san hawaye na zuba ba sai da ta zungure ni da sandarta.

Ta ce, "Wa ya mutu?"

Na ce ba kowa. Ta sake zungura ta. Sai na faɗa mata duka, da guntun Larabcina da hannu da ido: ɗakin Najma, alkawarin, Inna, Laraba, jinin. Ta saurara ba ta katse ni ba, abin da ba ta taɓa yi ba. Da na gama ta tambayi shekarun Inna, ta tambayi tun yaushe. Na ce shekara biyu da rabi.

Ta ce, "Uwarki tana yunwa shekara biyu da rabi, kina gidana kina matsa mini ƙafa, ba ki buɗe baki ba? Ke jaka ce?"

Na ce, "Yumma, coci ne."

Ta ce, "Na ga coci ne, gwiwa ce ke mini ciwo, ba ido ba. Wa kika yi wa alkawarin, ni ko Allah? Yalla, maza tura ni."

Na tuna mata dokar Jasim. Ta ce dokar ta ce kada a bar ta ita kaɗai, ba ta ce a ina ba, kuma ita ta haifi mai dokar.

Na tura ta muka shiga. Daga ciki kusa da ƙofa ta ɗaga hannu ta ce nan ne iyakarta. Na jingina keken da wani ginshiƙi inda zan riƙa hango ta, na ja mata bargo, ta fito da carbinta. Sannan na ɗaga kai. Ginshiƙai ne jere kamar kurmin giginya, sun tafi sama sun haɗe da tsini. Tagogin dogaye ne masu gilashi ja da shuɗi, hasken ya zubo a ƙasa kala-kala. Wurin na warin kyandir da tsohon dutse. Can nesa, nesa ƙwarai, na hango bagade.

Ganin jama'a ya sa na ɗauka sujada ake shirin yi. Na cire rigar sanyi, na gyara ɗaurin ɗankwali, na nufi wani dattijo mai jan ƙyalle a kafaɗa na ce da shi da Turanci ina son ganin fasto a rubuta sunana cikin masu godiya. Ya dube ni daga sama har ƙasa. Ya ce babu sujada yanzu, limamin cocin ba ya nan sai yamma, waɗannan duka 'yan yawon buɗe ido ne. Sai a lokacin na lura kowa waya ce a hannunsa, ba mai littafin waƙa ko ɗaya. Ya nuna mini inda ake kunna kyandir, ya ɗora yatsa a leɓe.

Ba fasto, ba mai kiɗan tulu, ba wanda zai kira sunana, ba wanda zai bi bayana. Na yi masa bayani a gaggauce, na nuna masa dabinon, na ce uwata tana azumi yanzu haka. Ya ce ya yi baƙin ciki, amma nan ba a waƙa sai lokacin sujada. Na waiwaya wajen Yumma. Ta ɗaga haɓa ta nuna mini gaba, irin yadda take yi in tana son a miƙo mata abu.

Na koma bakin ƙofa, na tuɓe takalmi, na ɗauki ledar da hannu biyu. Na kira sunana da kaina, a hankali: Hannatu 'yar Inna ta kawo godiya. Sannan na ɗauko waƙar da matan ƙauyenmu ke shiga da ita. Ƙasa-ƙasa na fara, don kada in dami kowa, amma ginin bai yarda ba. Ya ɗauki muryata ya kai ta sama ya dawo da ita ta ninku, har na tsorata na kusa yin shiru. Dutsen ƙasa na cizon tafin ƙafata don sanyi. Na taka, dama, hagu, ɗan sunkuyo, yadda aka koya mana. Mutane suka dare, wayoyi suka juyo kaina. Kunya ta rufe ni, na kafe idona a kan bagade.

Na kai rabi sai na ga dattijon ya wuce ni da sauri. Na ce shi ke nan, zai tare ni. Amma ban tsaya ba. Ya isa wurin wata jar igiya da aka gitta a gaban bagaden, ya tsaya yana kallona ina matsowa. Sai ya cire ƙugiyar, ya ja igiyar gefe, ya koma ya haɗa hannuwansa a baya. A lokacin ne na ji takun ƙafa a bayana. Ban waiwaya ba, ba a waiwaye. Daga baya aka ce mini waɗansu tsofaffin mata biyu ne da wani mutum mai rigar ƙwallo, ban san daga wace ƙasa ba.

Na durƙusa a kan matakalar, na ajiye dabinon, na faɗi abin da na zo faɗa. Wurin ya yi tsit. Sai daga can bakin ƙofa wata guɗa ta tashi, siririya, mai tsawo, irin ta tsohuwar da ta aurar da 'ya'ya da yawa. Ta bi ginshiƙan nan ta cika ginin, har tantabarun da ke waje na ji sun tashi. Yumma ce. Na kifa goshina a dutsen na yi kuka iya raina, kukan daɗi, wanda ban yi irinsa ba tun da na bar gida.

Dattijon ya ɗauki ledar da hannu biyu, ya ce akwai kwandon abincin marasa galihu, zai sa a ciki. Na koma wajen Yumma da gudu-gudu, na duƙa zan yi mata godiya. Ta ce in sa takalmina kafin in kwanta ciwo a rasa mai yi mata allura.

Muna fitowa muka yi kiciɓis da Jasim, ya dawo shagon shayi bai same mu ba, fuskarsa a ɗaure. Ya buɗe baki, Yumma ta ce, "Khalas. Ni na ce." Ya dube ta, ya dubi zanena, ya karɓi keken daga hannuna ya tura da kansa.

A nan dandalin na kira Ladi na ce ta ba Inna. Muryar Inna ta fito a raunane.

Na ce, "Inna, na kai."

Ta ce, "Da ƙafa?"

"Da ƙafa. Ba ko takalmi."

"Me kika riƙe?"

"Dabino."

"Wa ya bi bayanki?"

"Mutum uku, Inna. Ban san su ba."

"An yi miki guɗa?"

Na ce an yi, ga ma mai guɗar. Na kara wa Yumma wayar a kunne. Ta yi ta zuba Larabci, ina jin Inna daga can tana amsawa da Hausa, sannu, sannu, Allah ya saka, ba wadda ke jin abin da ɗayar ke faɗa, sun fi minti biyu a haka. Da na karɓi wayar na duba agogo, a gida ko azahar ba ta wuce ba, rana na tsaka. Na ji Inna ta kawar da bakinta daga wayar ta ce, "Ladi, dama mini fura. Ki sa nono da yawa."